Yadda ake jinyar tsoho mai cututtuka da yawa a asibiti

Hunturun da ya wuce muka yi kwana goma sha shida a asibiti da mahaifiyarmu, a nan cikin garin Kaduna. Shekararta 78, tana da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa, ƙodarta ma ta fara gajiya. Nimoniya ce ta kai mu. Da ƙafarta ta shiga, tana dafe da kafaɗar ƙanena, amma ranar sallama a kan keken marasa lafiya aka turo ta har bakin mota. Ita nimoniyar kwana shida ta yi ta lafa. Sauran kwana goman duk mun yi su ne a kan abin da kwanciyar ta haifar: ruɗewa, ƙin cin abinci, ƙafafun da suka daina ɗaukar ta. Da yawa daga ciki da hannunmu a ciki, cikin rashin sani da son a kyautata. Abin da na koya a wannan zama, da wanda na bi na tambayi likitoci da malaman jinya daga baya, shi na tsara a nan don wanda jinyar tsoho ta hau kansa.

Na farko: ka san ƙarfin tsohonka tun yana gida

Shekaru ba su ne ma'auni ba. Akwai ɗan tamanin da ke taka sayyadarsa daga Unguwar Sarki zuwa masallacin Sultan Bello ya dawo, akwai ɗan sittin da takwas da mura kaɗai kan kwantar da shi mako uku. Bambancin shi ne abin da likitoci ke kira raunin tsufa, wato jiki ya cinye ajiyarsa, ƙaramin ciwo sai ya yi masa babbar illa. A 2001 wata likita a Amurka, Linda Fried, da abokan aikinta suka fitar da alamu biyar da ake gane shi da su: rama ba da niyya ba, kamar kilo huɗu da rabi a shekara guda, yawan jin gajiya, raunin damƙa, tafiyar hawainiya, da raguwar zirga-zirga. Mai uku daga ciki ya shiga sahun masu rauni.

Ba sai da na'ura za ka lura da su ba. Zobe ya fara zamewa daga yatsa, zani ya ƙi zama a ƙugu, murfin gorar ruwa ya gagari buɗewa, an koma salla a zaune, an daina zuwa suna da biki ko a maƙwabta. Akwai kuma ɗan gwaji da za ka iya yi a tsakar gida: ya zauna a kujera, ya miƙe, ya yi tafiyar mita uku, ya juyo ya zauna. In ya ɗauki daƙiƙa 12 ko fiye, yana cikin haɗarin faɗuwa.

Amfanin wannan sani a ranar kwanciya yake fitowa. Likitan da ya ga tsohuwa a kwance tana nishi bai san ko makonni biyu da suka wuce ita ke dafa wa kanta kunu ba, ko kuwa shekara guda ke nan ana ɗaga ta. Kai za ka faɗa masa, kuma a kan amsarka zai auna inda ake fatan mayar da ita. Ka faɗa dalla-dalla: tana wanka da kanta, tana zuwa banɗaki da sanda, tana gane kuɗi, tana riƙe lissafin adashinta.

Na biyu: kada ka jira zazzaɓi

Jikin tsoho ba ya yin ƙara kamar na yaro. Nimoniya ko ciwon mafitsara kan zo masa ba zafin jiki, ciwon zuciya kan zo ba ciwon ƙirji. Abin da za ka gani shi ne ya daina cin abinci, ko yawan barci, ko faɗuwa, ko fitsarin kwance ga wanda bai saba ba, ko magana ta fara kaucewa. Mu kwana uku muka yi muna cewa sanyin hunturu ne, muna dafa mata citta da kanumfari. Duk canjin da ya zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, a tafi asibiti a ranar. In kuwa baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko harshe ya yi nauyi, wannan ko minti ba a ƙarawa.

Wuraren zuwa sanannu ne: Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, asibitin sojoji na 44, Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, Gwamna Awan a Kakuri, sai Shika a Zariya in an tura ku. In da hali, ka kai shi inda katinsa yake, don tarihin awonsa na can. Sai dai ka sani likitocin da suka ƙware a kan tsofaffi zalla kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. Cibiyar farko ta irin wannan aiki sai a 2012 aka buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan. Galibi a ɗakin marasa lafiya na kowa da kowa za a kwantar da shi, likitan zuciya ya duba zuciya, na ƙoda ya duba ƙoda. Wanda zai riƙa kallon mutumin gaba ɗayansa dare da rana, kai ne mai jinya. In yana da katin inshorar lafiya, na KADCHMA ta jiha ko na tarayya, ka tafi da shi ka nuna tun a wurin yankar kati.

Na uku: ka kwashe magungunan gidan kaf a leda guda

Nan ne na fi so a tsaya. Kafin ku fita, ko washegari in an fita a gaggauce, a bi ɗakinsa a tattaro duk abin da yake sha: na asibiti, na kemis, wanda 'yarsa ta kawo daga Saudiyya, na ƙarƙashin filo, na cikin kwanon goro, man shafawa, maganin ɗigawa a ido, jiƙo, garin da ake zubawa a kunu, har kanwa in yana sha. Da kwalayensu za a kawo, kada a ɓare. A zazzage su gaban likita ko mai harhaɗa magani.

Da muka zazzage ledar Hajiya, kala goma sha ɗaya muka ƙirga. Biyu daga ciki amlodipine ne, kamfani daban, kwali daban, tana shan kowanne da sunan maganin hawan jini na daban. Ga kuma diclofenac da take aiken jika ya sayo mata duk ranar da gwiwa ta matsa, kusan kullum ke nan, shekara biyu. Likitan ya ɗaga sacet ɗin ya ce, "Hajiya, wannan wa ya rubuta miki?" Ta ce, "Ai ɗan nan shi kaɗai ke jin ƙaina." Ya juyo ya dube mu, mu 'ya'yanta huɗu a tsaye, babu wanda ya san tana sha.

A wurin likitoci, wanda ke shan magani kala biyar ko fiye a kullum ya isa a zauna a sake duba jerin nasa. Ga waɗanda suka fi ba tsofaffinmu matsala. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da piroxicam, wanda aka fi sani da Feldene, suna cin ƙoda, suna tayar da hawan jini, suna kuma iya fasa gyambon ciki ya yi ta zubar jini a ɓoye. Haɗin da ake ƙullawa a leda a kemis ko a tasha, na gajiya ko na sanyin ƙashi, sau da yawa su ne a ciki. Maganin suga glibenclamide, wato Daonil, kan faɗar da suga ƙasa warwas ya daɗe bai tashi ba, musamman ga tsohon da ba ya ci sosai ko mai raunin ƙoda. Metformin, shi ma maganin suga, sai an duba ƙarfin ƙoda ake sanin adadin da ya dace. Maganin barci irin su diazepam, da Piriton da ake raina shi, suna kawo jiri da ruɗewa da faɗuwa. Lasix yana fitar da ruwa, ranar da ake gudawa ko amai kuwa yana iya busar da mutum.

Akwai kuma sarƙar da ke ƙulluwa a hankali. Amlodipine kan kumbura ƙafa, sai a ba da maganin fitar da ruwa, fitsari ya yawaita da dare, a tashi cikin duhu a faɗi. Lisinopril, wani maganin hawan jini, kan sa busasshen tari, sai a yi ta sayen maganin tari mai sa barci. Don haka duk sabon abin da ya ɓullo wa tsoho, tambayar farko ita ce: wane magani aka fara ko aka ƙara kwanan nan?

Kada ka dakatar da komai da kanka. Ka tambayi likita a kan kowane guda: wannan na mene ne, har yanzu ana bukatarsa, akwai wanda za a iya ajiyewa? Batun na gargajiya kuma, a faɗi gaskiya ko da za a sha faɗa. Ɓoye gorar jiƙo a ƙarƙashin gado ana ba shi in nas ta juya baya ya jefa iyalai da yawa cikin wankin ƙoda, wanda kuɗinsa ke cinye gida da gona. Addu'a da tofi babu mai hana ka. Abin da zai shiga ciki ne ake so a sani.

Na huɗu: mutum ɗaya, littafi ɗaya

Gidan yawa akwai albarka, amma in yau wannan ya kwana, gobe wancan, jibi matar wane, labari kan tsinke a tsakani. Ku zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa magana da likitoci, ku sayi littafin rubutu na 'yan makaranta ku ajiye a gefen gado. Duk wanda ke kan aiki ya rubuta: me aka ci da yawansa, kofi nawa aka sha, fitsari sau nawa, yaushe rabon da a yi bayan gida, awon suga da na jini, wace allura aka yi, wane awo aka rubuta, an karɓo sakamako ko ba a karɓo ba. Rasit ma a maƙala a ciki, don ranar da 'yan'uwa za su zauna lissafi.

Zagayen likitoci da safe ake yi, babban likita kuma ba kullum yake zagayawa ba. Ka tambayi nas ranarsa, ka tabbata mai littafin yana nan, tambayoyinsa a rubuce, gajeru. Kuma ka girmama malaman jinya. Sista ɗaya na iya riƙe gadaje da yawa ita kaɗai da dare. Gaisuwa da "sannu da aiki" sun fi ɗaga murya saurin kawo ta bakin gadonka.

Na biyar: ruɗewar dare

A dare na huɗu, wajen ƙarfe biyu, Hajiya ta tashi zaune ta fizge robar ƙarin ruwa, jini na bin hannunta, ta ce a ba ta mayafinta za ta tafi Kasuwar Barci, an bar mata rumfa a buɗe. Rabonta da rumfar shekara ashirin. Ta dube ni ta kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu tun ina firamare. Da gari ya waye ta dawo garau, har tana tambayar wa ya ɗaure mata hannu da bandeji. Kafin azahar dangi sun kasu biyu, masu cewa gigin tsufa ne ya kama ta da masu cewa a nemo mai ruƙiyya.

Abin da ya same ta ruɗewa ce ta farat ɗaya, wadda ke yawan samun tsofaffi a gadon asibiti. Ta sha bamban da gigin tsufa, wanda ke shigowa a hankali cikin watanni da shekaru. Ita wannan cikin sa'o'i take zuwa, tana tafiya tana dawowa, ta fi tsananta da dare, kuma kusan kullum akwai abin da ya tayar da ita: ƙwayar cuta a ƙirji ko mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, suga ya faɗi ko ya hau, gishirin jini ya rikice, fitsari ya taru ya ƙi fita, bayan gida ya ɗaure, ciwo, ko sabon magani. Na Hajiya, littafin nan ne ya tona: kwana biyar ba ta yi bayan gida ba, ruwan da take sha a yini bai kai kofi biyu ba.

Tana da wani nau'i mai shiru da ya fi wuyar ganewa, inda tsoho zai yi lamo yana ta barci, ba ya ko buɗe ido sosai, 'yan dubiya na cewa "ai ya samu sauƙi, yana hutawa". Shi ma a sanar da likita.

Abin yi: ka gaya wa nas da likita a take, ka ce musu ba haka yake a gida ba. A mayar masa da tabarau da abin ji in yana sawa. A buɗe labule da rana, a rage fitila da surutu da dare. A riƙa tuna masa inda yake da ranar da ake ciki; lokutan salla sun fi agogo amfani a nan, "Hajiya, an kira la'asar, ga ƙasar taimama." A bar fuskar da ya sani kusa da shi. Kada a yi musu da shi, kada a ɗaure shi a gado, kada kuma a matsa wa likita ya yi masa allurar barci don mai jinya ya samu ya runtsa, domin sau da yawa ƙara dagula lamarin take yi.

Na shida: gado ba abokin tsoho ba ne

Kuskurenmu mafi girma ke nan. Ko kofi ta miƙa hannu za ta ɗauka sai mu ce, "Hajiya ki huta, ga mu." Muka sa mata pampas alhali tana iya takawa banɗaki in an riƙe ta, don dai kada ta wahala. An taɓa gwadawa a Amurka da tsofaffi masu ƙoshin lafiya: kwana goma a kwance suka yi asarar kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Masu lafiya ke nan, ina ga wanda dama ajiyarsa ta ƙare.

Tun ranar farko ka tambayi likita ko an yarda ya zauna, ko an yarda ya taka. In an yarda, kowane abinci a kan kujera za a ci. A tayar da shi daki-daki: ya zauna a bakin gado minti ɗaya ko biyu ƙafafu na lilo, sannan ya miƙe kana riƙe da shi, saboda jinin tsoho kan faɗi in ya miƙe da sauri, jiri ya ɗebe shi. Yau taku biyar, gobe zuwa bakin ƙofa, jibi baranda. Takalmi mai kama ƙafa, ban da silifas a kan tayil mai ruwa. Ka roƙi a turo masu gashin ƙashi tun da wuri, kada a bari sai ana shirin sallama.

Wanda ba ya iya motsawa kuwa, a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, a rubuta a littafi. Kullum a duba ƙugu ta baya da ɗuwawu da dugadugai da kafaɗu. A fatarmu ba lallai ka ga ja ba. Wurin kan yi duhu fiye da kewayensa, ko sheƙi, ko tauri, ko ɗumi. A sa filo ƙarƙashin ƙwauri don dugadugai su tashi daga katifa, zanin gado ya zama busasshe ba tattara. Gyambon kwanciya kwana biyu ya ishe shi buɗewa, rufewarsa kuwa sai a yi watanni. In an sa robar fitsari, kullum ka tambaya ko lokacin cire ta ya yi, don duk kwanan da ta ƙara hanya ce ga ƙwayoyin cuta.

Na bakwai: ci da sha

Da an ce suga da hawan jini, sai gida ya hana tsoho komai, a bar shi da faten acca ba gishiri ba mai, har ya tsani kwanon. Ga mai rauni, rama ta fi saurin kayar da shi. Yana bukatar abin gina jiki: ƙwai, kifi, alale, wake, nono ko madara, naman da ya dahu luguf, kunun gyaɗa ba suga. Kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida ya fi tuwo malmala biyu a zama ɗaya. Mai ciwon ƙoda ko zuciya sai an tambayi likita adadin ruwa da irin abincin da ya dace da shi. Wanda ba a taƙaita masa ba, a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, don ƙishirwar tsoho ba ta faɗa masa gaskiya, balle a zafin Maris da Afrilu.

A zaune tsaf ake ba shi, ya kuma ci gaba da zama rabin awa bayan ya gama. In yana ƙwarewa ko tari a kan ruwa, ko murya ta koma kamar mai kurkure, musamman bayan shanyewar ɓarin jiki, a dakata a kira nas. Ɗura da cokali ga wanda ke kwance ko mai gyangyaɗi kan tura abinci huhu.

Mai shan maganin suga ko allurar insulin da bai ci abinci ba, a gaya wa nas kafin a ba shi. Zufa mai sanyi, rawar jiki, ruɗewa, ko awo ƙasa da 70, a wasu na'urorin 3.9, suga ya faɗi ke nan. In yana iya haɗiya, a ba shi babban cokali guda na sukari ko zuma, ko rabin kofin lemon kwalba, a kira nas. In ya suma, kada a zuba masa komai a baki.

Na takwas: 'yan dubiya

Dubiya lada ce, amma mutum goma sha biyar a kan gado ɗaya, kowa da kular abinci da nasa maganin da ya warkar da wance, gajiyar da mara lafiya suke yi. Biyu-biyu, minti kaɗan, a wanke hannu, mai mura ya yi gaisuwarsa ta waya. A samu dattijo ɗaya a dangi ya ɗauki nauyin faɗar wannan, don daga bakin yaro zai zama rashin kunya.

Na tara: a tambaye shi

Muna da ɗabi'ar fita baranda da likita mu yanke shawara, mai jikin na ciki yana kallon silin. In hankalinsa na nan, a yi maganar a gabansa da harshen da yake ji. Aiki ko wankin ƙoda da zai amfani ɗan hamsin yana iya zama azaba zalla ga mai rauni sosai. Ka tambayi likita kai tsaye: in an yi, me ake sa ran zai iya yi bayan wata uku, in ba a yi ba fa? Wani tsohon burinsa ya koma sahun masallaci, wani ya ga auren jikarsa, wani kuma so yake a mayar da shi ɗakinsa cikin iyalinsa a rage masa ciwo kawai. Batun azumi ma a nan ake gama shi tun kafin watan ya kama, da likita da malami, don tsohon da ba zai iya ba shari'a ta ba shi damar ciyarwa.

Na goma: sallama da makonnin farko a gida

Kada murnar sallama ta sa ku fita ba takarda. A rubuta muku sabon jerin magunguna, a nuna wanda aka daina da wanda aka canza, da ranar dawowa, da awon da za a maimaita, musamman na ƙoda. Tsofaffin magungunan da aka soke a fitar da su daga ɗakinsa a ranar, in ba haka ba zai koma musu. Mutum ɗaya ya riƙa ba da magani.

A gyara ɗakin kafin ya iso. A naɗe dardumar da ke zamewa, a ɗauke wayar caji daga hanya, a ajiye fitila mai caji kusa da filo saboda ɗauke wuta. In katifarsa a ƙasa take, a ɗaga ta a kan gado daidai gwiwa, tashi daga ƙasa ya fi ƙarfin cinyar da ta yi mako biyu a kwance. Masai na tsuguno a sa masa kujera mai huda, a kafa ƙarfen dafawa a bango, a ajiye kujerar roba a wurin wanka, fo kuma a ɗaki don dare. Numfashi sama-sama, sabuwar ruɗewa, faɗuwa, baƙin bayan gida, raguwar fitsari, ko ƙin ci yini guda, duk dalilan komawa asibiti ne ba sai ranar da aka rubuta ta zo ba.

Hajiya ta dawo gida da magani kala shida maimakon goma sha ɗaya. Muka riƙa tayar da ita daga kujera sau biyar da safe, sau biyar da yamma, tana mita tana cewa mun mayar da ita 'yar makaranta. Sai da aka yi mako bakwai kafin ta taka daga ɗakinta zuwa zaure da sanda ba wanda ya riƙe ta. Gwiwar tana nan tana damun ta. Yanzu paracetamol take sha bisa adadin da likita ya rubuta, da man shafawa, jikan nan kuma an ja masa kunne a kan aiken kemis.